Lantarkin da ke cikin wutar yankan ƙarfe: me masana ke aunawa, kuma don me?

Shin da gaske harshen wuta yana ɗauke da lantarki? Tambayar takan taso duk lokacin da aka sake yaɗa bidiyon nan na kyandir da aka ajiye tsakanin farantan ƙarfe biyu masu caji, sai ka ga harshen ya karkata ya baje kamar iska na kaɗa shi, alhali ɗakin a rufe yake. Wasu su ce siddabarun masu haɗa bidiyo ne. Wasu kuma su wuce gona da iri, su ce ai wuta filasma ce tsantsa, wato iskar da ƙwayoyinta suka ɗauki caji, daidai take da walƙiya.

Abin da ke cikin bidiyon gaskiya ne, kuma tsohon labari ne. Tun a 1814 wani masanin sinadarai a Ingila, William Brande, ya lura cewa harshen kyandir na karkata zuwa ɓangaren negatif. Amma cajin da ke cikin wuta ɗan mitsitsi ne, bai kai ko kusa da na walƙiya ba. Abin da ya ja hankalina shi ne inda wannan ɗan caji ya samu aikin yi a yau: cikin wutar gas da oksijin da ake yanka ƙarfe mai kauri da ita, inda masu bincike ke ƙoƙarin mayar da harshen wutar kansa ya zama ido da kunnen injin.

Gas ba narka ƙarfe yake ba, ƙona shi yake

Sai an gyara wannan fahimtar kafin a ci gaba. Mutane da yawa suna ɗauka cewa zafin wutar ne ke narka ƙarfen ya raba shi biyu. Ba haka ba ne.

A bakin kan yanka, wato bututun da wutar ke fitowa ta cikinsa, akwai ƙananan ramuka a kewaye da kuma rami guda a tsakiya. Ta ramukan kewayen gas ɗin ƙonawa ke fitowa gauraye da oksijin, asitilin ne ko furofen ko iskar gas ta ƙasa. Wutar asitilin da oksijin tana wuce digiri 3,000 a ma'aunin Salshiyas, ta furofen kuma tana wajen 2,800. Aikin wannan wuta ta kewaye shi ne ta gasa wurin da za a fara yanka har ya yi jawur, wajen digiri 870. A nan ne mai yanka zai buɗe oksijin tsantsa ta ramin tsakiya. Ƙarfe mai jan zafi idan ya haɗu da tsantsar oksijin sai ya kama ci, kamar gawayi da aka hura wa zuga-zugi. Ƙonewar da kanta tana fitar da zafi mai yawa da ke ciyar da yankan gaba, ƙarfin feshin kuma yana ture kashin maƙeran ya zubo ta ƙasa.

Sirrin shi ne, tsatsar da ƙonewar ke haifarwa tana narkewa a wajen digiri 1,370, ƙasa da digiri 1,538 da tsantsar ƙarfe ke narkewa. Shi ya sa take gudana ta bar sabon ƙarfe a buɗe. Alminiyam kuwa yana narkewa a 660, amma ɓawon da ke rufe shi sai an haura 2,000, don haka gas ba ya yanka shi. Haka ma ƙarfen da ba ya tsatsa.

Injiniyoyin Faransa biyu, Edmond Fouché da Charles Picard, su suka fito da kan walda na asitilin da oksijin a 1903. Yau shekara fiye da 120 ke nan, an samu injinan yanka na filasma da na leza, amma idan farantin ƙarfe ya kai kaurin milimita 200 ko 300, har yanzu gas ake komawa. Masu ƙera jiragen ruwa, gadoji da manyan injuna sun san haka.

Daga ina cajin yake fitowa?

Kowace ƙwayar zarra tana da ƙananan ƙwayoyi masu cajin negatif da ake kira ilektiron. Idan ɗaya ya kuɓuce, abin da ya rage sai ya koma mai cajin fozitif, shi ake kira ayon. Don haka in aka ce wuta na ɗauke da lantarki, ana nufin akwai ayon da sakakkun ilektiron suna yawo a cikinta.

Da farko an zaci zafi ne kaɗai ke fizge ilektiron ɗin. Zaton yana da hujja, domin a 1920 masanin Indiya Meghnad Saha ya fitar da lissafin da ke nuna yawan ƙwayoyin da zafi zai iya caje wa. Sai dai da aka ɗora lissafin a kan wutar gas, abin da aka auna ya ninka abin da lissafin ya bayar nesa ba kusa ba. Ga kuma wata shaida mai ƙarfi: wutar haidirojin tsantsa tana da zafi ƙwarai, amma ayon ɗinta kaɗan ne. Da an ɗiga mata wani abu mai kabon, sai cajin ya tashi.

Amsar ta fito ne tsakanin shekarun 1950 da farkon 1960, daga ayyukan masana irin su Hartwell Calcote a Amurka da Morris Sugden a Ingila. A daidai ƙaramin shuɗin harshen da ke kusa da baki, gas yana farfashewa ya bar wani gutsure mai gajeren rai, CH, wato kabon ɗaya da haidirojin ɗaya. Idan CH ya yi karo da ƙwayar oksijin guda, sai su haɗe su zama CHO+, ilektiron ɗaya ya fice. Ƙarfin haɗuwar ne ya fizge shi, ba zafin wurin ba. Nan take CHO+ yakan miƙa cajinsa ga tururin ruwa a samu H3O+, wanda shi ne ayon mafi yawa a irin wannan wuta. Yayin da iskar ke gangarowa, H3O+ yana sake cafke ilektiron ya koma ruwa da haidirojin, cajin ya mutu.

Ma'ana, ana haifar cajin a wuri ƙarami, kusa da baki, kuma yana raguwa a kan hanya. Wannan shi ne ginshiƙin duk abin da zai biyo baya.

Yawan nasa fa? Cikin miliyoyin ƙwayoyin iskar wutar, ɗaya ce ke da caji. Wanda ya kira wannan filasma mai rauni bai yi ƙarya ba, amma kada a haɗa ta da injin yankan filasma, wanda ke tura lantarki mai ƙarfi cikin iska har zafinta ya haura digiri 20,000. A can lantarkin ne wuƙar. A nan kuwa oksijin ne wuƙar, lantarkin ɗan rahoto ne kawai.

Idan aka mayar da harshen wuta waya

A haɗa waya ɗaya a jikin kan yanka, ɗaya a jikin farantin ƙarfe, a ba su ɗan matsin lantarki, kamar bolt 10. Babu abin da ya haɗa su sai harshen wuta. Duk da haka lantarki zai bi ta ciki, gomomin maikro'amfiya, wato kashi kaɗan cikin miliyan na amfiya ɗaya. Cajar wayar hannu tana jan abin da ya ninka wannan sau dubbai. Ba zai ja mutum ba, ba zai kunna ƙwan fitila ba, amma na'ura tana iya karanta shi sarai.

Ba baƙon abu ba ne. Injinan ɗumama gida da tukwanen tururi masu amfani da gas suna da ɗan sandan ƙarfe a cikin wuta, wanda da zarar wannan ɗan lantarki ya yanke sai na'ura ta gane wuta ta mutu, ta rufe gas. Ɗakunan gwaji kuma tun 1958 suke amfani da na'urar gano sinadarai masu kabon ta hanyar cajin wutar haidirojin, wadda aka ƙirƙiro kusan lokaci guda a Ostireliya da Afirka ta Kudu. Ko a fagen yanka, tun a shekarun 1940 aka yi rajistar ƙirƙire-ƙirƙire a Amurka na daidaita tsayin kan yanka ta wannan hanya. Abin da ya rage shi ne a fahimci siginar sosai, kuma a nan ne Christopher Martin na reshen Jami'ar Jihar Pennsylvania da ke Altoona da abokan aikinsa suka duƙufa, suna wallafa sakamako tun daga 2017.

Abin sha'awar yana bayyana ne idan aka riƙa sauya matsin lantarkin daga negatif zuwa fozitif ana rubuta abin da ke gudana. Waya ta tagulla layi guda miƙaƙƙe take bayarwa: ƙara matsi, kwarara ta ƙaru. Wuta kuwa kashi uku take bayarwa, kuma dalilin shi ne bambancin nauyi. H3O+ ya fi ilektiron nauyi kusan sau 35,000. Ilektiron na tafiya kamar tsuntsu, ayon kuma yana jan ƙafa. Duk ɓangaren da aka mayar negatif, shi ne zai jira isowar masu jan ƙafar, kuma shi ne zai iyakance kwararar.

Idan kan yanka ne negatif, ayon za su nufi bakinsa, wuri ƙarami, kuma suna fuskantar iskar da ke fesowa. Da an kai wani matsayi, ko an ƙara matsi kwararar ba ta wani ƙaruwa, ta ƙoshi. Wannan ƙoshi yana bin yawan ayon da wutar ke haifarwa, wanda shi kuma ya dogara da yawan gas da yadda aka gauraya shi da oksijin. Ke nan daga nan za a iya sanin ko wutar tana kan daidai.

A tsakiya akwai yankin da wutar ke bin dokar Ohm kamar waya, wato kwarara na ƙaruwa daidai da matsi. Gangaren layin a nan yana nuna turjiyar harshen wutar, turjiyar kuma tana ƙaruwa idan tazara tsakanin baki da faranti ta ƙaru, saboda hanya ta yi tsawo kuma cajin ya ragu. Ga ma'aunin tsayi ke nan, ba tare da an ƙara wata na'ura kusa da wuta ba.

Idan kuma farantin ne negatif, labarin ya koma kan fuskar ƙarfen. Ƙarfe mai tsananin zafi yana sakin ilektiron da kansa, kuma idan ya fara ci abubuwa suna tashi daga jikinsa su shiga wuta. Siginar a nan tana iya faɗin ko wurin ya yi zafin da ya kamata a buɗe oksijin, da ko yankan na tafiya ko ya tsaya.

Wayoyi biyu, rahoto uku. Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da gwanin yanka zai gane cewa waɗannan ukun su ne ainihin abin da idonsa ke bi ta bayan baƙin gilashi: launin harshe, tazarar baki, da jan ƙarfe.

Yaya ake auna abin da ke cinye ma'auni?

Wayoyi biyun suna bayar da jimilla ne kawai. Mai son sanin inda cajin ya taru da inda ya yi ƙaranci dole ya shiga cikin wutar. Kayan aikin da aka sani shi ne tsinken Langmuir, siririn ƙarfe da ake caka wa cikin iska mai caji a auna abin da ya zuƙa. Irving Langmuir, wanda ya yi aiki a kamfanin General Electric a Amurka, shi ya kafa hanyar a shekarun 1920, shi ne kuma ya raɗa wa filasma suna a 1928.

Matsala ta farko a bayyane take. Tangstin shi ne ƙarfe mafi jure zafi, sai digiri 3,422 yake narkewa, amma a cikin wuta mai oksijin ƙonewa yake tun kafin ya kai can. Kuma tun kafin ya ƙone, da ya yi ja zai fara sakin nasa ilektiron ya gurɓata awon. Idan aka sa tsinke mai kauri da ruwa ke sanyaya shi, sai ya tare iskar ya sauya wutar da ake son aunawa, domin shuɗin harshen kansa milimita kaɗan ne.

Dabarar da aka yi amfani da ita a Altoona ta burge ni saboda sauƙinta. An ɗaura siririyar waya a gefen faifai mai juyawa da sauri, ta yadda wayar ke ratsa wutar cikin ƙiftawar ido ta fita kafin ta ɗau zafi, sannan ta huce a sauran zagayen. Irin abin da yaro ke yi da yatsa a kan kyandir. Sai dai wayar tana zuƙar caji a duk tsawonta, ba a ɗigo guda ba, don haka kowace ratsawa jimillar layi ce. A riƙa matsar da faifan kaɗan-kaɗan ana tara ratsawa masu yawa ta kusurwoyi daban-daban, sannan a sa kwamfuta ta warware su ta fito da taswirar cajin. Tushen lissafin ɗaya ne da na na'urar ɗaukar hoton cikin jiki ta CT a asibiti.

Matsala ta biyu ta fi ɓuya. Langmuir ya yi lissafinsa ne don iska mara matsi, inda ayon ke tafiya mai nisa bai yi karo da kowa ba. A wutar da ke ci a fili kuwa, ayon ba ya wuce kusan kashi ɗaya cikin dubu na milimita sai ya ci karo. Ga shi tsinken yana kewaye kansa da wani siririn kube inda ya kori ilektiron, iskar kuma tana ta kawo sabbin ayon bakin kuben. Wasu masana biyu a Kanada, Clements da Smy, sun yi lissafin irin wannan yanayi a wajen 1970, inda suka nuna cewa kwararar ba ta ninkuwa daidai da yawan ayon, kuma saurin iskar na da hannu a ciki. Saboda haka lambar da na'ura ta nuna ba ita ce yawan ayon ba. Sai an bi ta cikin lissafi, lissafin kuma yana buƙatar saurin iska da zafinta, waɗanda su ma auna su a nan aiki ne ja. Wannan nake so mai karatu ya riƙe idan ya ga kyakkyawar taswira mai launuka: a cikinta akwai awo, akwai kuma zato mai hujja.

Abin da kwamfuta ke fama da shi

Samfurin lissafi yana haɗa abubuwa huɗu: yadda iskar ke gudu, yadda sinadarai ke ƙonewa, yadda caji ke tafiya, da yadda cajin kansa ke sauya filin lantarkin da ke tura shi. Na ƙarshen ne ke sa abin ya cuɗe, domin kowane motsi na ayon yana sauya filin, filin kuma yana sauya motsin.

Sinadaran kaɗai sun isa kaya. Shahararren jerin GRI-Mech 3.0 na ƙonewar iskar gas yana da sinadarai 53 da haɗuwa 325, kuma babu ayon ko ɗaya a ciki, sai an ƙara. CH da komai ya rataya a kansa ɗan kaɗan ne, kuskure ƙarami a yawansa yana bin lissafin har ƙarshe. Sannan ga bambancin girma: kuben da ke fuskar ƙarfe sirantarsa ba ta kai ta gashin kai ba, harshen wutar kuma santimitoci ne. Ilektiron na sauya wuri cikin lokacin da iskar ba ta ko motsa ba.

Shi ya sa masu bincike suka rabu hanya biyu. Wasu suna taƙaita wutar ta zama layi guda daga baki zuwa faranti, samfuri mai sauƙi da ke fito da kashi ukun nan ya kuma bayyana dalilinsu. Wasu suna gina cikakkiyar wutar a kwamfuta, da ramukanta da karkatar iska a kan faranti, aikin da ke cin lokaci mai yawa. A ganina na farkon ne zai fi amfanar injin da ke aiki, domin na'urar sarrafawa tana buƙatar amsa nan take. Amma ba za a san inda mai sauƙin ke kuskure ba sai an gwada shi da babban, babban kuma sai an gwada shi da waya mai ratsa wuta.

Masu murna da masu taka-tsantsan

Hujjar masu goyon baya tana da ƙarfi. Injin filasma yana daidaita tsayinsa ta hanyar auna matsin lantarkin da yake yanka da shi. Injin gas ba shi da wannan gata, yawanci zobe ake maƙala wa a kewayen baki don ya ji kusancin ƙarfe. Zoben yana zaune ne a inda zafi da tartsatsi suka fi yawa, kashin maƙera na manne masa, kuma yana ruɗewa a gefen faranti ko kusa da inda aka riga aka yanke. Harshen wuta kuwa ba ya lalacewa, kuma a daidai wurin yankan yake.

Masu taka-tsantsan su ma ba su faɗi ƙasa ba. Siginar ƙarama ce, masana'anta kuma cike take da injinan walda da sauran manyan injuna masu watsa hayaniyar lantarki. Mafi muni shi ne datti. Sodiyam da ke cikin gishiri yana sakin ilektiron da ƙarfin da bai kai rabin wanda tururin ruwa ke buƙata ba, don haka ɗan gishiri a kan faranti, ko fenti, ko mai, ko tsatsa, na iya ɗaga siginar ba tare da tsayi ko zafi sun sauya ba. Abin da aka daidaita a kan furofen ba zai yi daidai a kan asitilin ba, baki ma idan ya tsufa halinsa na sauyawa. Idan kuma aka koma yanka da haidirojin, kamar yadda wasu ke kira saboda rage hayaƙin kabon, tushen cajin ya tafi, tunda babu CH.

Ina ganin gaskiyar tana tare da duka biyun, amma ba daidai wa daida ba. Gano ko wuta na ci, da daidaita tsayi, abubuwa ne da ke tsaye da ƙafafunsu. Karanta lafiyar yankan kansa a kan ƙarfe mai datti shi ne wanda har yanzu yake buƙatar aiki, kuma shi ne ya fi daraja.

Me zai sauya ga mai aiki?

Mai riƙe da kan yanka a hannu, wanda ke sare tsohon ƙarfe ko gyaran mota, wannan bincike bai taɓa shi ba. Maganar ta injinan tebur ce, masu bin zanen kwamfuta, waɗanda wani lokaci suke jan kawuna da yawa a jere, mutum ɗaya na lura da su duka.

A can, asarar tana da wurare sanannu. Injin da bai san ƙarfe ya yi zafi ba, lokaci ake ƙayyade masa, kuma don gudun kuskure akan ƙara, gas na ta ƙonewa a banza. Idan aka buɗe oksijin da wuri, hudar ba za ta kama ba, narkakken ƙarfe ya fantsamo ya toshe baki. Faranti yana lanƙwasa idan ya ji zafi, sai bakin ya taɓa shi, wuta ta yi ƙara ta koma ciki, abin da ke iya kai wa ga haɗari. Yankan kuma yakan tsaya a tsakiya injin ya ci gaba da tafiya bai sani ba, a lalata ƙarfe mai nauyin tan. Injin da ke jin waɗannan abubuwa zai rage ɓarna, ya kuma rage sunkuyawar ma'aikaci kusa da hayaƙi da tartsatsi.

Batun guraben aiki ba a ɓoye shi. Idan injin ya iya lura da kansa, mutum ɗaya zai riƙe tebura fiye da da, kuma mai masana'anta zai yi wannan lissafin. Sai dai na'urar ba ta san bambancin gishiri da zafi ba sai an koya mata, kuma wanda zai ce wannan siginar ƙarya take yi, farantin ne ke da fenti, shi ne wanda ya shekara yana kallon ƙarfe na ja. Abin da za a ƙara masa shi ne karanta layin da ke kan allo, da tabbatar da cewa wayar da ke jikin faranti ta kama ƙarfe mai tsabta, domin maikro'amfiya kaɗan ba sa ratsa tsatsa yadda lantarkin walda ke yi.